git am ya cinye rabin bayanin kwamit ɗina, ya kuma taɓa fayil ɗin da ban taɓa ba

ɗan_Sabon_Gari:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka saba aika faci (rubutun da ke nuna layukan kod da aka canza) ta imel ne.

Akwai wata 'yar manhaja da nake amfani da ita a wurin aiki, mai ɗauko bayanai daga sabar. In intanet ya yi nauyi, sai ta mutu ba tare da ta sake gwadawa ba. Mai kula da aikin ba ya karɓar gyara ta GitHub, sai dai a turo masa faci ta imel. Na yi gyaran a fayil guda, `fetch.py`, na yi kwamit (wato na ajiye canjin a tarihin Git tare da bayaninsa), na fitar da shi da `git format-patch -1`, na aika da `git send-email`.

A bayanin kwamit ɗin na rubuta sakin layi biyu, sannan na ce duk mai son ya ga matsalar da idonsa ya rage lokacin jira kamar haka, na liƙa wannan:

```
diff --git a/config.ini b/config.ini
--- a/config.ini
+++ b/config.ini
@@ -4,3 +4,3 @@
 [network]
-timeout = 30
+timeout = 1
 retries = 3
```

A ƙarƙashinsa na ci gaba da bayanin dalilin da ya sa na zaɓi hanyar da na bi, na rufe da layin `Signed-off-by`.

Mai kula da aikin ya karɓa, ya sa da `git am`, umarnin da ke mai da wasiƙar faci kwamit, ya tura. Da na jawo reshen sai na tarar bayanin ya tsaya cak a kan “kamar haka”, duk abin da ke ƙasa ya ɓace, har `Signed-off-by` ɗin. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne `config.ini` ya canza da gaske, lokacin jira ya koma daƙiƙa 1, kuma `git blame` sunana yake nunawa. A kwamit ɗina na asali kuwa ko taɓa fayil ɗin ban yi ba, na duba da `git show --stat`. Sannan kan kwamit ɗin da na rubuta `[fetch] retry on timeout` ya koma `retry on timeout` kawai.

Shi ya ce bai gyara komai da hannu ba, kuma na yarda da shi. To wai yaya git ke karanta wasiƙar ne? Ina ne yake ganin bayani ya ƙare, faci ya fara?

Kurma:

Wa alaikumus salam. Ni dai duk sanda faci ya lalace a hanya Gmail nake fara zargi. Yana naɗe dogayen layuka, yana mai da tab sarari. Ka sake aikawa a maƙale a matsayin fayil ka gani.

Baba_Unix:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Kurma, wannan karon a bar Gmail ya sha iska. Da manhajar imel ce ta ɓata facin, da ƙin shiga zai yi, ya yi ta kukan `corrupt patch at line` kaza. Wannan kuwa ya shiga lafiya lau, har ya shiga fiye da yadda aka so. Kuma ko a maƙale ya aika shi, abin da ya faru ɗin zai sake faruwa, don matsalar tana cikin fayil ɗin tun kafin ya bar kwamfutarsa.

Ɗan'uwa, lokacin da `git am` ke karanta wasiƙa, babu wani kwamit a gabansa. Rubutu ne zalla, yana bin sa layi-layi yana neman wasu 'yan alamomi. Aikinsa irin na mahauci ne, inda ya ji gaɓa nan zai sara, bai tambaya ko nan kake so a sara. Kuma ba shi kaɗai ke aikin ba, ƙananan umarni uku yake kira a jere.

Na farko `git mailsplit`. In an ba shi akwatin wasiƙu irin na mbox, wanda wasiƙu da yawa ke jere cikin fayil guda, shi ke raba su, ya zuba su a `.git/rebase-apply/` da sunaye 0001, 0002, haka har ƙarshe. Yana gane farkon wasiƙa da layin da ya fara da `From ` mai sarari biye da shi, ba mai ruwa-biyu ba, kuma sai ya ga wani abu mai kama da lokaci da shekara a ƙarshen layin. Ka buɗe fayil ɗin da `format-patch` ya ba ka, layin farko zai zama `From`, sai doguwar lambar kwamit ɗinka, sai `Mon Sep 17 00:00:00 2001`. Wannan ranar ba ta canzawa, kowa ita yake samu, an kafe ta ne don manhajoji irin su `file` su gane cewa wannan fitowar `format-patch` ce. Lambar kwamit ɗin da ke layin kuwa, `git am` ba ya amfani da ita ya tabbatar da komai. Ka riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba.

Na biyu `git mailinfo`, kuma shi ne ya yi maka ɓarnar duka biyun. Yana ɗaukar wasiƙa guda ya fasa ta kashi uku: bayanan marubuci, bayanin kwamit, da faci. Suna da adireshi daga `From:` yake ɗauka, lokaci daga `Date:`, kan kwamit daga `Subject:`. Amma kafin ya ajiye kan, sai ya share duk tarkacen da imel ke tarawa a gaba: `Re:`, da sarari, da duk abin da ke cikin baka mai kusurwa. Ba `[PATCH v2 3/7]` kaɗai ba, duk wani baka da ya tarar a farkon layin sharewa yake yi, ɗaya bayan ɗaya, har ya iso rubutu na gaske. Kan wasiƙarka ya fita a `[PATCH] [fetch] retry on timeout`, sai ya kwashe biyun tare. Da mai kula da aikin ya sa `git am --keep-non-patch`, da `[fetch]` ya tsira. Amma ba ka da iko a kan abin da wani zai buga a kwamfutarsa, shi ya sa mutanen Linux da na Git kansu suke rubuta `fetch: retry on timeout`, da ruwa-biyu. Ba ado ba ne, wannan ne ke ratsa imel ya fito da ransa.

Yanzu ga babbar. Bayan kanun wasiƙa, `mailinfo` yana ɗaukar kowane layi a matsayin bayanin kwamit har sai ya ci karo da ɗaya daga cikin waɗannan: layin da ya fara da `diff -`, ko wanda ya fara da `Index: `, ko karan-ɗori uku `---` su kaɗai a layi, ko `--- ` da sunan fayil biye da shi. Wanda ya fara gani, nan ne iyaka. Daga wannan layin zuwa ƙarshen wasiƙa, duk faci ne a wurinsa. Ba ya duba gaba ya ga ko akwai wata iyakar da ta fi dacewa. Shi `Index: ` ɗin gado ne daga CVS da Subversion, tsarin adana tarihin kod da suka girmi Git, haka suke fara nasu facin, an bar shi don masu turo faci daga can.

A wasiƙa ta yau da kullum, `format-patch` yana sa `---` bayan bayanin, sai ɗan taƙaitaccen lissafin fayilolin da aka taɓa, sai facin. Kai kuma ka sa `diff --git` a tsakiyar bayani, a farkon layi, ba sarari a gabansa. Nan wuƙa ta faɗa.

Na uku `git apply`, wanda aka miƙa wa duk abin da ya rage. Shi kuma an gina shi ya yi haƙuri da shara: yana tsallake duk layin da bai gane ba har ya sami kan faci. Ya sami na `config.ini`, ya ga ingantacce ne, ya dace da fayil ɗin da ke rumbun, ya sa. Ya wuce sauran bayaninka da `Signed-off-by` a matsayin shara. Ya wuce `---` da lissafin. Ya sami na `fetch.py`, ya sa. Babu kuskure ko ɗaya a mahangarsa, don haka bai ce uffan ba.

Kana iya ganin wannan da idonka ba tare da ka aika wa kowa komai ba:

```
git mailinfo bayani.txt faci.txt < 0001-fetch-retry-on-timeout.patch
```

Zai buga maka `Author`, `Email`, `Subject` da `Date` a allo, sai ka buɗe fayilolin biyu ka ga inda aka raba.

Wani abin da ke kama masu rubutun Markdown: in ka sa `---` a bayanin kwamit don ka ja layin raba sashe, duk abin da ke ƙasa ya tafi, shiru, ba gargaɗi. Karan-ɗori huɗu kuwa ba ya yanke komai. Haka kuma in sakin layin farko na bayaninka ya fara da `Date:` ko `Subject:` ko `From:`, ɗauka zai yi kana so ka maye gurbin na kan wasiƙar, ya cire layin daga bayani ya yi amfani da shi. An yi wannan da gangan, don in na tura facin da kai ka rubuta, `send-email` ya sa `From:` ɗinka a farkon jikin wasiƙa, aikin ya zauna da sunanka, ba nawa ba.

ɗan_Sabon_Gari:

Allah ya ƙara sani, Baba. Na gwada `mailinfo` ɗin yanzu, `bayani.txt` ya tsaya daidai inda kwamit ɗin mai aikin ya tsaya, sauran duk suna cikin `faci.txt`. Na tura misalin ciki da sarari huɗu a gaban kowane layi, na sake fitarwa, sai bayanin ya fito cikakke. Ke nan maganin shi ne a riƙa tura shi ciki?

Kuma da na buɗe fayil ɗin na ga sunana a layin `From:` ya zama wani abu daban, `=?UTF-8?q?=C6=8Aan...`, ban gane masa ba. A kwamit ɗin da ya shiga kuwa sunan daidai yake. Wannan ma matsala ce da ke jirana?

Hajiyar_Python:

Ƙanina, tura shi ciki ya ishe ka a wurin `git am`, amma bai ishe ka a ko'ina ba. Akwai tsohuwar manhajar `patch`, wadda Larry Wall ya fitar a 1985, tun zamanin da mutane ke watsa gyara a Usenet, tsoffin zaurukan tattaunawa na intanet. An rubuta ta ne don a ba ta saƙo sukutum, da gaisuwarsa da sa hannunsa, ta tono facin da kanta. Saboda haka in ta ga faci da aka tura ciki da tazara iri ɗaya a kowane layi, cire tazarar take yi ta sa shi. Har harafin `X` a farkon layi takan tsallake, saboda tsofaffin kunshin fayiloli da ake kira shar, da ke sa shi. Kuma ba ta mutu ba: masu haɗa kunshin manhajoji na Linux da yawa da ita suke sa gyara. In ka ƙara `.patch` a ƙarshen adireshin kwamit a GitHub, irin fitowar `format-patch` zai ba ka, da bayanin kwamit a ciki. Wani ya sauke wannan ya ba `patch -p1`, misalinka mai sarari huɗu zai shiga `config.ini` ɗinsa.

Ni abin da nake yi, in dole ne in nuna faci a bayani, sai in sa `> ` ko `| ` a gaban kowane layi. Ba `git am` ba `patch`, babu mai ganinsa a matsayin faci. Mafi sauƙi ma a faɗa da baki: a mai da `timeout` 1 a `config.ini`. Layi ɗaya ya wadatar.

Baba, ka yi bayani mai kyau, amma ka faɗe shi kamar ƙaddara ce. Ni a ganina aibi ne a ƙirar. `format-patch` ya san daidai inda bayani ya ƙare, ai daga rumbun ya ɗauko shi. Yana ganin layi mai `diff -` a cikin bayanin, ya san abokin aikinsa zai yanke a nan, amma ya fitar da shi haka nan. Irin wannan matsalar ta taɓa tasowa da layin `From ` a jikin wasiƙa, aka shigo da tsarin mboxrd cikin Git a 2016, wanda ke sa `>` a gaban layin lokacin fitarwa, a cire lokacin karantawa. Dabarar ba baƙuwa ba ce.

Kuma abin ya wuce rashin jin daɗi. Mai duba kod a shafin yanar gizo yana kallon canjin gaske ne, bayanin kwamit sai dai ya ratsa shi da ido. Mai mugun nufi zai iya ajiye canji na biyu a can, a siffar “misali”, wanda zai shiga ne kawai ga masu ɗaukar facin a matsayin rubutu.

Na yi shekaru da Mercurial, wani takwaran Git mai umarnin `hg`, kafin wurin aikinmu ya koma Git. Shi ma `hg import` laluben farkon faci yake yi da alamomi, `diff -`, `Index:`, `RCS file:`, don haka bai kuɓuta ba. Amma `hg export` yana rubuta `# User`, `# Date`, `# Node ID` da `# Parent` a saman facin, kuma in ka sa `hg import --exact`, zai ɗora facin a kan ainihin uwar kwamit ɗin da aka ambata, wato wanda ya gabace shi, ya lissafa lambar abin da ya samu, in ba ta yi daidai da `Node ID` ba ya ƙi, ya ce facin ya lalace ko ya zubar da bayani. Da irin wannan binciken, abin ƙaninmu ba zai wuce ba.

Baba_Unix:

Hajiya, a kan `patch` kin fi ni gaskiya, kuma shawararki ta `> ` ita zan bi. A kan aibi kuma, rabi na yarda.

Dalilin da ya sa Git ba zai iya irin `--exact` ba shi ne lambar kwamit tana ƙunshe da sunan wanda ya shigar da shi da lokacin da ya shigar, ban da na marubuci. Wasiƙa kuwa marubuci da lokacinsa kaɗai take ɗauke da su. Wanda ya buga `git am` shi ne mai shigarwa, yawanci ma yakan ƙara nasa `Signed-off-by` da `-s`, kuma a kan reshen da ya riga ya yi gaba yake ɗorawa. Lambar dole ta canza, kullum. Haka aka so tun 2005: Linus Torvalds yana karɓar wasiƙu daga mutanen da wasunsu ba su da Git ma, `diff -u` suka yi da hannu suka liƙa a imel. Mai karanta wasiƙar dole ya karɓi wannan duka. In yau aka ce `format-patch` ya fara sa wata alama a gaban layukan `diff -`, duk tsohon Git da ke duniya zai bar alamar a cikin bayani, kuma `patch` ba ta san da zancen ba. Shi ma mboxrd ai sai ɓangarorin biyu sun yarda, mai fitarwa ya sa `--pretty=mboxrd`, mai karɓa ya sa `--patch-format=mboxrd`.

Inda na yarda da ke shi ne shirun. Akwai shaida a cikin wasiƙar kanta: lissafin da ke ƙarƙashin `---` ya ce fayil 1 aka taɓa, `git apply` ya taɓa 2. Babu wanda ke gwama su, lissafin don idon mutum aka sa shi. Ni in na karɓi faci daga wanda ban sani ba, bayan `git am` nakan buga `git show --stat` in gwama da na wasiƙar. Daƙiƙa biyar ne.

Ɗan'uwa, sunanka lafiya yake. Kanun imel an gina su a kan haruffan ASCII zalla, babu ɗ, babu ƙ, babu ɓ. Sai aka fito da hanyar naɗe sauran haruffa, wadda RFC 2047 ta tsara: `=?UTF-8?q?` a gaba, `?=` a baya, kowane baƙon harafi a rubuta shi da lambobinsa. Babban Ɗ shi ne `=C6=8A`, ƙaramin ƙ `=C6=99`, ɗ `=C9=97`, ɓ `=C9=93`. `mailinfo` yana warware wannan ya mayar da shi daidai. Jikin wasiƙar kuma ya dogara da layin `Content-Type: text/plain; charset=UTF-8`, wanda `format-patch` ke sawa da kansa in bayanin kwamit yana da irin haruffan. Inda ake samun tangarɗa shi ne in bayanin Turanci ne zalla amma facin ya taɓa fayil ɗin fassara mai Hausa, ko ka gyara wasiƙar da hannu ka ƙara ƙ a ciki. A nan ne `send-email` zai tsaya ya tambaye ka wane tsarin haruffa zai bayyana. Ka danna Enter ya ɗauki UTF-8, kada ka rubuta `y`, don zai ɗauka sunan tsarin haruffa ne kake ba shi.

Abin da ya fi cin sunan mutum ma shi ne wasu zaurukan imel da ke sake rubuta `From:` saboda DMARC, ƙa'idar tantance mai aika imel, sai sunanka ya koma “wane ta hannun zaure kaza”, da adireshin zauren. `git am` ba shi da yadda zai sani, haka zai rubuta a tarihi. Maganinsa `From:` na cikin jiki da na ambata a sama, kuma sababbin Git suna da `--force-in-body-from` a `format-patch` don a tilasta shi.

Tunda Malam Kurma ya kawo zancen Gmail, bari in ba shi haƙƙinsa, don yawancin lokaci shi ke da gaskiya. Dubi kan gutsuren facin nan:

```
@@ -4,3 +4,3 @@
```

Yana cewa daga layi na 4, layuka 3 a tsohon fayil, layuka 3 a sabo. `git apply` ƙirgawa yake yi. Layin da ya fara da sarari ya rage ɗaya a ɓangarorin biyu, mai `-` a tsoho, mai `+` a sabo. In ƙirgen biyu suka kai sifili, gutsure ya ƙare. Shi ya sa sa hannun da ke ƙasan kowane faci, `-- ` da lambar fitowar Git a ƙarƙashinsa, ba ya rikita shi, duk da ya fara da `-` kamar layin da aka goge: kafin a iso wurin ƙirge ya cika. To in manhajar imel ta naɗe dogon layi ya zama biyu, rabin na biyu zai fara da harafin da ba sarari ba, ba `+` ba, ba `-` ba, ƙirge bai cika ba, sai `corrupt patch`. In kuma tab ta mayar sarari, siffar facin tana nan daidai, amma layukan kewaye ba su dace da fayil ba, sai `patch does not apply`. Saƙonni biyu ne daban, ciwo biyu daban, kuma sanin bambancin yana rage wa mutum yawo.

`git apply` yana yarda gutsure ya gusa sama ko ƙasa, in an ƙara layuka a fayil ɗin tun bayan rubuta facin, amma layukan kewaye sai sun dace duka. `patch` ta fi shi sassauci, takan yafe har layi 2 na kewaye ta sa a inda ta ga ya yi kama. Ni na fi son mai tsauri. In ya ƙi, `git am -3` ne mataki na gaba: yana karanta layin `index` da ke ƙarƙashin `diff --git`, mai guntayen lambobi biyu, ya nemo ainihin tsohon fayil ɗin da aka rubuta facin a kansa, ya sa facin a can, sannan ya haɗe da na yanzu. Sai dai fa tsohon fayil ɗin yana rumbunka. In babu, zai ce `sha1 information is lacking or useless`. Kafin ka yi komai, `git am --show-current-patch=diff` zai nuna maka abin da `mailinfo` ya ɗauka a matsayin faci, wanda ba lallai ya zama abin da kake tsammani ba.

Git ya koyi gyara wasu ɓarnar da kansa. Yana warware base64 da quoted-printable, yana cire CR, alamar da Windows ke ƙarawa, daga ƙarshen layi sai in ka ce `--keep-cr`, kuma tun 2018 yana ƙoƙarin ɗinke wasiƙun `format=flowed`, tare da gargaɗin cewa sararin ƙarshen layi zai iya ɓata. HTML kuwa ba shi da magani, zaurukan imel na masu Linux a vger.kernel.org ma mayar da wasiƙar suke yi. Masu aikin Linux yanzu da yawa ba sa ɗaukar faci daga akwatinsu, manhajar `b4` ta Konstantin Ryabitsev suke ba lambar wasiƙa, ya ɗauko zaren daga lore.kernel.org, ya jera facin bisa lamba, ya tattaro `Reviewed-by` da `Acked-by` daga amsoshin mutane. Amma a ƙarshe `git am` yake miƙa wa, da dokar yankansa yadda take.

Kurma:

To na janye, ranka ya daɗe. Amma a maƙale ɗin ma ba haramun ba ne, mutanen PostgreSQL haka suke aika nasu. Na Linux ne ba sa so, don ba a iya amsa layi-layi a ciki.

Tambaya guda: wancan layin almakashi, `-- >8 --`, da nake gani a wasu wasiƙu, zai iya ceton irin wannan?

Baba_Unix:

A'a, shi ta sama yake yanka. Amfaninsa in kana cikin muhawara, ka rubuta amsa mai tsawo, sannan ka ce “ga abin da nake nufi” ka sa faci a ƙasa. Duk abin da ke saman almakashin ana zubarwa, a fara karanta bayanin kwamit daga ƙasansa, yawanci da sabon `Subject:` a can. Kuma ba ya aiki sai mai karɓa ya sa `--scissors` ko ya kunna `mailinfo.scissors`. Iyakar ƙasa, tsakanin bayani da faci, tana nan yadda na faɗa, almakashi bai taɓa ta.

Ɗan Sabon Gari, ka aika sabon faci da zai mayar da `timeout` 30, ka ambaci lambar kwamit ɗin da ya shiga a rumbunsa, ba taka ba. Bayanin da ya ɓace ka sa shi a wannan sabon, tunda ya riga ya tura reshen ba zai so ya sake rubuta tarihi ba. In aikin nasu yana buƙatar `Signed-off-by` a kowane kwamit, ka gaya masa na farkon ya faɗi a hanya, shi zai san yadda zai yi. Kafin ka aika, ka buɗe sabon reshe daga nasa, ka sa fayil ɗin da `git am` a kwamfutarka, ka duba `git show --stat` da `git log -1`.

ɗan_Sabon_Gari:

Na yi haka, fayil 1 ya nuna, bayanin ya fito har ƙasa, kan kuma na mai da shi `config: restore 30s timeout`. Na aika. Na kuma nemi ya duba ko akwai wanda ya riga ya gina kunshi daga reshen a kwanakin nan, don duk wanda ya yi hakan yana da `timeout = 1`. Na gode ƙwarai, Baba da Hajiya.